Jinin Zakiya a Firiza

Anti Rabi'atu, mai shagon abinci a titin Gate City Boulevard, can ƙasar Turawa, mace ce da in ta ce a'a, ko liman sai ya haƙura. Da ƙanwarta Zakiya ta shiga wani binciken riga-kafin kansar mama, har ta yarda a ajiye jininta don binciken gaba, Rabi'atu ta yi tsalle ta dire.

"Ei, Zakiya! Jininki a firizar Turawa kamar kifi? Kin san me za su yi da shi?"

"Ilimi za su nema da shi, Yaya."

Bayan wasu shekaru Zakiya ta rasu a hatsarin mota. Ana cikin zaman makoki Rabi'atu ta tare mijin marigayiyar, Abdul-Majeed, ta ce lallai ya karɓo jinin nan a binne shi kusa da mai shi.

"Yaya, ita ta ce a bar shi," in ji shi. "Ba zan karya mata magana ba."

Rabi'atu ta daina amsa gaisuwarsa.

Ana nan sai masu bincike suka sake duba jinin da aka ajiye, suka ga wata alama ta gado mai ƙara haɗarin kamuwa da kansar mama. Da yake Zakiya ta ba da izinin a sanar da danginta, suka kira Abdul-Majeed, suka ce 'yan'uwanta mata su je gwaji.

"Na faɗa!" in ji Rabi'atu. "Yanzu namu suke nema."

Ilham, 'yarta tilo, ta tafi gwajin ba da sanin uwar ba. Aka samu alamar a jikinta, aka ci gaba da duba ta, har aka gano wani ɗan ƙullutu tun bai yi ƙarfi ba, aka cire shi. Ta warke sarai.

Ita kuwa Rabi'atu ta ƙi gwajin, sai da ciwon kansar ya kwantar da ita, lokacin ya riga ya yi nisa. Aka cire mata mama, shagon ma ya rufe.

Da Abdul-Majeed ya zo duba ta, ta dubi Ilham, ta fashe da kukan godiya.

"Allah ya saka maka, ya jiƙan Zakiya. Da ka bi maganata, da 'yata na binne tare da jinin nan."

Jama'a, jini da bayanan da muka yarda a ajiye don bincike suna iya ceton wanda ba mu zata ba. Mu tambaya mu fahimta kafin mu ƙi.