Shi Ne Yake Kallona

Tsvetan ya ɗora silin gashi guda a bakin littafinsa, ya rufe a hankali, ya ja baya yana yaba wa kansa wayo. Zan riƙa kiransa Tsvetan, domin idan na ce "ni", kunya ba za ta bar ni in kai ƙarshen labarin ba.

Sana'arsa haɗa haƙoran roba a birnin Plovdiv. Amma duk Lahadi bayan abincin rana, shi ne mai jan wasa a teburin kicinsa. Shi ke ba da labari, abokansa su shiga ciki a matsayin jarumai, ɗan ludo ya raba gardama. Shekara tara suna haka da Zlatka, malamar lissafi, da Boyan direban tasi, wanda suka zauna benci ɗaya tun ajin farko.

Da ya gaji da saran dodanni, sai ya zauna ya rubuta wa wasan dokokin bincike, shafi arba'in cif. Kowace shaida da katinta, kowace tambaya da jifanta. Ya sayo 'yan mutum-mutumi na dalma, goma sha biyu ga kowane labari, ya riƙa yi musu fenti da burushi mai sili uku. Aikin akwai cin rai, kuma mako kwana bakwai ne kawai, ba kowane mutum-mutumi ke samun haƙƙinsa ba.

Labarin farko ya tsara shi ya ci Lahadi shida. An kashe mai unguwa, gari ya ruɗe. Ko shayi bai huce ba, Boyan ya kwantar da haɓarsa a kan tebur, ya nuna mai injin niƙa.

"Wannan ne."

"Da wace hujja?"

"Shi ne yake kallona," in ji Boyan, yana ɓare 'ya'yan kabewa.

Tsvetan ya yi dariyar yaƙe, ya ce sa'a ce. A labari na biyu, Boyan ya cafke mai kaɗa ƙararrawar coci kafin a buɗe kati na uku, da wannan amsa ta rainin hankali. A na uku ma haka. Zlatka kuwa sai ta duƙar da kai, kafaɗunta suna rawa.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsvetan ya lura cewa hanyar banɗaki ta ƙofar ɗakin aikinsa take bi, kuma Boyan mutum ne mai yawan shan shayi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutumin da ya riƙe masa kambin aure a coci, shi ne zai riƙa leƙa masa littafi?

Silin gashin bai motsa ba. Garin fulawar da ya barbaɗa a ƙasa ma bai kama kowa ba sai kyanwa. Wani zai ce a nan ya kamata a bar zancen. Tsvetan cewa ya yi ɓarawon gwani ne.

Sai ya ɗana babban tarko. A littafin ya rubuta cewa limamin coci ne mai laifi, ya bar shi a buɗe a kan kujera. Ainihin mai laifin kuwa, wata bazawara mai gasa burodi, bai rubuta ta ko'ina ba, bai faɗa wa ko matarsa Nedyalka ba. Idan Boyan ya nuna limami, shi ke nan, abotar shekara talatin da biyar ta ƙare. Har jawabin korar ya haddace a gaban madubi.

Lahadi ta zo. Nedyalka ta ajiye farantin banitsa mai zafi, gashin fulawa da cuku, ta koma falo. Tsvetan ya jera 'yan mutum-mutumin mutanen garin a kan tebur. Boyan ya je banɗaki ya dawo, ya kwantar da haɓa a kan tebur.

"Matar burodin nan ce. Ita ce take kallona."

Mai hankali zai yi murna, tunda abokinsa ya fita daga zargi. Amma jawabin ya riga ya nuna a bakin Tsvetan, kuma bai ga dalilin da zai sa ya yi asararsa ba.

"To na gane! Magana nake yi cikin barci, Nedyalka tana kai maka. Kun haɗa baki!"

"Kai, Tsvetan, kanka ɗaya kuwa?"

"Shafi arba'in na rubuta! Ka ci amanata, ka ci banitsata, kana yi mini dariya a gidana!"

Daga falo Nedyalka ta ɗaga murya: "Minshari kawai kake yi, malam mai bincike!"

Boyan bai yi dariya ba. Ya ajiye guntun banitsar da ke hannunsa, ya ɗauki rigar sanyinsa. A bakin ƙofa ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Sau huɗu kana tambayata, sau huɗu ina faɗa maka gaskiya. Ɓarawo ka mayar da ni, ɗan'uwa?"

Ƙofa ta rufe. Zlatka ta tashi, ta dafa ƙeyar Tsvetan kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ta danna kansa ƙasa har haɓarsa ta taɓa tebur.

"Kai kullum daga sama kake kallonsu, sai huluna kake gani. Duba daga nan."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata biyu Tsvetan ya yi yana tare tasin Boyan a titi yana ba da haƙuri kafin Boyan ya dawo teburin, kuma har yau ba a daina tsokanarsa da abin da ya gani ran nan ba.

Mutum-mutumi goma sha biyu ne tsaye a gabansa, goma sha ɗaya fuskokinsu a shafe, domin lokaci bai ishe shi ba. Matar burodi kaɗai ya zana wa idanu, har da gira.