Tumatirin da Matar Tela Ta Bari

Ɗan nan, na ji abin da ka gaya wa likita jiya. Ya tambaye ka jiki, ka ce da sauƙi, alhali yau kwana uku ko kunu ba ya zama a cikinka. Ba faɗa zan yi maka ba. Gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani dattijon tela da matarsa ta rasu da kaka, ta bar masa tumatir shida a tsofaffin bokitai a gindin katanga. Ba irin na kasuwa ba ne. Ƙanana ne masu ɗan tsami, irin da ta taho da shi daga garinsu tun tana amarya, kowace shekara ta matse 'ya'yan a tsumma ta shanya ta adana. A shekarar nan ta shuka duk abin da ya rage mata, don haka in shidan nan suka mutu, irin ya ƙare ke nan. Shi kuwa tela allura da almakashi ya sani, ko kaza bai taɓa ba ruwa ba. Amma ya rungumi aikin da zuciya ɗaya. Kullum in ya rufe shago da yamma sai ya ɗebo ruwa ya kwarara musu ta ka, kamar mai yi wa yaro wanka, har ƙasa ta fantsalo ta ɓata ganyen. In ya tuna da ita ya ƙara moɗa guda, kuma bawan Allah yakan tuna da ita sosai. Ba a yi sati uku ba ganyen ƙasa ya fara fitar da tabo ruwan ƙasa, kowanne da zobe-zobe a cikinsa, gefen ya koma rawaya, daga nan ya bushe ya rataye.

Yana da maƙwabci mai lambu a fadama. Shekara talatin suna sallah a sahu ɗaya, amma mai lambun bai taɓa wuce zauren gidan ba, kamar yadda aka saba a gidan da ke da matar aure. Ya san da shukar, don marigayiya kan aika wa iyalinsa da tumatirin, shi ya sa duk asuba yakan tambaya, tela kuma ya ce suna nan lafiya, alhamdu lillahi. Ran nan mai lambu ya ga fuskar ba ta yi daidai da amsar ba, ya ce a kawo masa ganye ɗaya ya gani. Tela ya shiga gida, ya miƙa hannu ga mai tabon, sai kunya ta kama shi. Ina zai kai wannan magana, a ce abin da mace ta raya shekara arba'in shi ya kashe shi a wata ɗaya? Ya zarce can sama ya tsinko wanda ya fi kowanne kyau. Mai lambu ya juya shi gaba da baya, bai ga komai ba, ya ce a ɗan ƙara taki. Ba laifinsa ba ne, abin da aka nuna masa shi ya duba. Aka ƙara taki, aka ci gaba da wankan yamma, cuta kuma tana hawa reshe bayan reshe. Huɗu suka mutu.

Ranar da ya tuge na huɗun ya daɗe tsugune da shi a hannu, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Sannan ya tashi ya yi sallama da maƙwabcinsa, ya ce, “Malam, ƙarya na yi maka. Shigo ka gani da idonka.” Mai lambu ya cire takalmi a bakin tsakar gidan, ko da yake ba wanda ya ce ya cire. Ya durƙusa, ya ɗaga ganyen ƙasa ya duba bayansa, ya tura yatsa cikin bokiti ya ji ƙasar ta yi caɓal. Bai yi masa gori ko ɗaya ba. Cewa kawai ya yi, “Ganye ba ya son ya kwana a jiƙe. Ka ba shi ruwa da safe, a gindi. Ɗauko almakashinka.” Tela ya yanke duk mai tabo. Suka ƙone ganyen, suka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don kada ƙasa ta sake fantsalowa, suka raba bokitan biyu nesa da juna iska ta ratsa, suka kafa wa kowanne kara suka ɗaure. Ɗaya ya riga ya yi nisa, bai tashi ba. Ɗayan ya tsaya tsirara da 'yan ganye biyar a ka, abin tausayi, har sati biyu, sannan ya yi toho, ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya tara. Tela ya raba su ga 'ya'yansa mata biyu, kowacce ta tafi da irin uwarta gidan mijinta. Mai lambu kuwa, da ake yi masa godiya, girgiza kai ya yi. Ya ce da ganyen gaskiya aka kawo masa tun ranar farko, da duk shidan suna nan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.