Akwatin Inbata

Shugaba ya danna makunni, fitilun asibitin suka kama, tafi ya ɓarke. Farantan sola na ta walƙiya a kan rufi, masu hoto na rububin ɗauka.

Injiniyar ce kaɗai ba ta tafa ba. Ita ta tsara aikin, ta kuma nace cewa sai da inbata, na'urar da ke juya wutar rana ta zama irin wadda firji da fitila ke ci. Ɗan kwangilar, ƙanen matar shugaba, dariya ya yi mata. "Haba ƙanwata, faranti ake gani a hoto. Wa zai leƙa ɗakin inbata?"

Ungozoma ta matso kusa da ita, baki har kunne. "'Yata, ke nan alluran jarirai sun daina lalacewa?"

Injiniyar ta sunkuyar da kai. Ta riga ta leƙa ɗakin. Akwati ne ya sha fenti, cikinsa wayam, ko waya ba a jona ba.

Aka kashe kiɗa, shugaba ya gyara murya ya ɗaga hannu. "Jama'a, daga yau mun yi hannun riga da janareta!"

Daga bayan katanga wani abu ya yi tari, ya yi shiru. Janaretan hayar da aka ɓoye ne ya shanye mansa. Fitilu suka mutu, lasifika ta ɗauke, bakin shugaba na ta motsi.

Ungozoma ta ja tsaki. "To, yau dai Allah Ya matsi bakinsa, ya faɗi gaskiya."