Kabarin Karam Din

Tun da hantsi tsohon yake rakuɓe a bayan masu tafi, yana jiran Ustaz Liyakat, shugaban mawaƙan, ya gama shan shayi. Buƙatarsa ɗaya ce. Muryarsa ta soma mutuwa, yana so ya shiga amshin waƙar "Ƙofar Rahama" sau ɗaya a hubbaren waliyyi kafin ta ɗauke.

Duk garin Multan wa bai san wannan kawwali ba, waƙar yabon Allah? Mata na kuka da ita, attajirai na suma, wasu har da gaske. Liyakat kuwa ba ya fara ta sai ya ba da tarihin mai ita, Karam Din maginin tukwane. Yadda ya tsara ta cikin yunwa a bakin wutar gashi. Yadda manyan mawaƙa suka ce mai taɓa laka ba ya yabon Allah, suka kore shi daga gari. Yadda ambaliya ta tafi da shi, ko gawa ba a gani ba. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, mahaifin shi Liyakat ɗin ne ya jagoranci korar, shi ne kuma ya gina wa Karam Din kabarin marmara da waƙar ta yi farin jini.

"To, Baba, gwada mu ji," in ji Liyakat.

Tsohon ya tafa hannayensa masu tabon ƙuna. Inda kowa ke sauri, shi sai ya ja a hankali. Da aka kai baitin ƙarshe, inda sunan mai waƙar yake fitowa kowa ya sunkuyar da kai, nasa kan ko motsi.

"Kai, ji tsohon banza! Kiɗa ka ɓata, ladabi babu. Mu muka gaji waƙar nan, ka ji ko? Ku fitar min da shi," in ji Liyakat.

Masu amshi suka bi shi da dariya, har da mai kwaikwayon tarinsa.

Daga waje ya ji sun ɗauka, suna gudu da ita kamar masu tallan mangwaro. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya zauna a gefen marmarar nan mai sanyi, wadda ta sha furanni da koren mayafi.

Mai gadi ya taso da gora. "Kai, tsoho! Ba ka da kunya? Tashi daga kabarin Karam Din!"

Sai Karam Din ya ɗauki sandarsa, ya tashi.