Takardar Gwajin Na-Sama

Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gini, shi ya sa abokan aiki ke ce masa Na-Sama. Da safe yakan hau dogon tsanin ƙarfe zuwa ɗan akurkin da yake zama, ba ya saukowa sai azahar. Abincinsa soye-soyen bakin ƙofa ne, waɗanda ake tsamowa daga man da ya yi baƙi don maimaici. Sigari kuwa kwali guda a yini.

Da ya haura hamsin da biyar, fitsari ya fara yi masa gardama. Ya matse shi, in ya je sai ɗigo-ɗigo. Sai ya riƙa hawa da gorar roba a aljihu don yin fitsari a ciki, bai gaya wa kowa ba.

Matarsa ce ta fara lura. "Maigida, lafiya kake daɗewa a bayi haka?"

"Yanzu har lokaci ake ƙidaya mini?" in ji shi. 

Rannan kamfani ya kawo ma'aikatan lafiya suka ɗebi jinin kowa. Ma'aikaciyar jinya ta miƙa masa takardarsa ta ce, "Baba, kitsen nan mai amfani ya yi ƙasa a jininka. Ka daure ka ga likita."

Shi dai "kitse" da "ƙasa" kawai ya ji. Ya fito yana kaɗa takarda. "Kun ji ko? Ba ni da kitse! Ku masu tumbi ku ji da kanku." Aka yi dariya, ya sa aka ƙaro masa soye-soye.

Bayan wata goma, yana can sama, damin rodi na rataye a injin, fitsarin ya tsaya cak. Mararsa ta kumbura, zufa ta rufe masa ido. Da ƙyar ya dire kayan, amma ya kasa taka tsani. Sai da mutum huɗu suka hau suka sauko da shi da igiya, ma'aikata duka suna kallo.

A asibiti aka sa masa robar fitsari. Likita ya ce wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, furostet, ita ce ta kumbura ta toshe hanya, fitsarin da ya daɗe yana taruwa kuma ya taɓa ƙoda.

Babbar 'yarsa ta ciro tsohuwar takardar daga jaka. "Likita, Baba ya ce wannan ta nuna lafiyarsa ƙalau."

Likita ya duba. "Malam, kitsen jini iri biyu ne. Akwai mai toshe jijiya, akwai mai share ta. Naka mai sharewar ne ya yi ƙasa. Ka san yadda tsatsa ke cin ƙarfe? Hayaƙin sigari da ƙonannen mai haka suke yi wa jiki daga ciki, kitsen nan mai sharewa yana cikin masu tare ɓarnar. Shekaru ne kan kawo kumburin tsokar, amma sigarin da man suna iya ƙara masa ƙarfi. Da ka zo a lokacin ka faɗi matsalar fitsarin, da ƙila magani ya wadatar."



An yi masa aiki, fitsari ya dawo, ƙodar dai ba ta koma yadda take ba. Kamfani ya ce ba zai sake hawa ba. Yanzu yana gida, duk wata sai an kai shi asibiti.

Mai karatu, in an ba ka sakamakon gwaji, ka tambaya har sai ka fahimta. Namijin da ya ga fitsarinsa ya canza, ya ajiye kunya ya ga likita tun da wuri.