Gwiwa a Waje

Ya'u, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba ko a gaban Bature, yau ga shi tsugune a zauren Malam Tukur na Kurfi yana tonon ƙasa da tsinke. Shi ne gwanin ƙwallon kwando a kwaleji kafin karatu ya gagare shi, ya dawo Dutsin-Ma yana koya wa 'yan elemantare wasan.

Zaituna, 'yar Malam, ta tsaya bakin ƙofa ta ja mayafi.

"Ka ce mani kai malami ne."

"Ai malamin ne, ranki ya daɗe. Allon nawa ne dai mulmulalle."

Ko murmushi ba ta yi ba. "Jiya Baba ya biyo ta filinku. Ya ce ya ga ƙato da gemunshi cikin wandon da bai kai gwiwa ba, yana tsalle yana jefa abu a kwandon da ba shi da gindi. Sai da ya kau da kai."

Ya'u ya saki tsinken. Ashe dattijon nan mai jaki da ya daka wa tsawa ya fita daga fili, shi ne!

"Ya hana auren ke nan?"

"Ya ce ba ya ba da 'yarshi ga wanda bai san iyakar al'aura ba."

Ya'u ya miƙe yana lalubar takalma.

"Ina za ka?" Ta ɗago ido sau ɗaya, ta mayar. "Yana ciki. Gwiwar da ya gani a waje, shiga ka kai mashi ita ƙasa."