Kabarin Akhmudu a Tassili

Bekkay ya shimfiɗa taswirar tsaunin Tassili a kan tabarma, ya danne gefenta da butar shayi. Shekara talatin yana hawa da baƙi dutsen nan daga garin Djanet, amma yau wata 'yar Faransa ce ke nuna masa hanya da yatsa. Shi fa!

Sunanta Tekna. Zanen da mutanen zamanin da suka yi a jikin duwatsu bai dame ta ba, kabarin mahaifinta Akhmudu ta zo nema. Mahaifiyarta ta ce mata jagora ne, ƙishirwa ta kashe shi a can sama yana nemo wa baƙi ruwa, tun Tekna tana ciki.

"Kawu, ka san shi?"

Bekkay ya ja amawalinsa har ƙasan ido. "Wa bai san Akhmudu ba? Dogo, kyakkyawa, in ya wuce raƙuma kan daina tuƙa su bi shi da kallo. Ba a sake haifar irinsa ba."

Suka tsara tafiya: kwana huɗu, jakuna uku, salka shida, sai takardar izini. Ya hana ta tambayar kowa a kasuwa. "Maƙaryata ne, 'yata, kowa cewa zai yi shi ya binne shi."

Yana zuba shayi na uku ya jefo tambaya kamar wasa: "To da a ce yana raye fa?"

Ta yi dariya, wushiryarta ta bayyana. "Yana raye, shekara ashirin da bakwai ko wasiƙa babu? Da na tofa masa yawu na koma. Bar ni da mataccen jarumina, Kawu."

"Gaskiyarki," in ji shi. Shayinsa ya huce a gabansa.

Ya ɗaga tafiyar da kwana biyu, wai zai dubo hanya. Shi kaɗai ya hau, gwiwa na ƙara, yana mitar 'ya'yan zamani marasa tausayi. A gindin wata tsohuwar bishiya ya wuni yana jido duwatsu yana jerawa, ya kafa dogo ɗaya ta wajen kai.

Ya ja da baya ya duba, ya yi tsaki. Ya sauke amawali, iska ta bi ta wushiryarsa irin ta Tekna, ya ƙara duwatsu ta wajen ƙafa. Akhmudu dai ba gajere ba ne, ba kuwa zai gina wa kansa gajeren kabari ba.